Yadda zaɓen Amurka na 2016 ya mayar da ni ɗalibi

A watan Disamba na 2016 ina ɗakin labarai ina fassara, lokacin ban fi wata bakwai da fara aiki a gidan rediyon ba, sai ga labari ya shigo cewa wakilan zaɓe a Amurka, wato mutanen da jihohi ke turawa su zaɓi shugaban ƙasa, sun tabbatar da Trump da ƙuri'a 304, Hillary Clinton na da 227. A ƙasan labarin kuma an ce Hillary ta fi shi ƙuri'un jama'a da kusan miliyan 3. Na fassara tsaf na kai wa oga. Ya karanta ya ɗago kai ya ce, kai malam, in dattijo a ƙauye ya ji wannan ai cewa zai yi maguɗi aka yi, ka iya yi masa bayani? Na ce ranka ya daɗe haka tsarinsu yake. Ya ce na san haka yake, me ya sa yake haka? Wallahi shiru na yi. Ni da na haddace rassan gwamnati uku tun sakandare har na ci jarrabawa da su. Ya ba ni sati ɗaya in haɗa bayani na minti biyar.

Abu na farko da ya rushe mani a kai shi ne zaton da nake cewa wasu masu hikima ne suka zauna suka zana tsari mai kyau daga sama har ƙasa. Ashe ciniki ne, irin na kara ranar kasuwa, wannan ya taya wancan ya ce albarka. Bayan sun ayyana 'yanci daga Ingila a 1776 jihohi 13 ne kuma kowace tana ganin kanta ƙasa guda, yarjejeniyar farko da suka fara aiki da ita a 1781 ba shugaban ƙasa a ciki, ba kotun tarayya, majalisar ma ba ta da ikon karɓar haraji sai dai ta roƙi jihohi su aiko da kuɗi, su kuma su yi kunnen uwar shegu. In za a gyara yarjejeniyar sai duk 13 sun yarda. Ga bashin yaƙi a wuya. Sai da manoman Massachusetts da bashi ya yi wa katutu suka ɗau makamai a 1786 ƙarƙashin wani tsohon soja Daniel Shays, aka ga gwamnatin tsakiya ba ta da abin da za ta iya, sannan manya suka tsorata.

Shi ne aka taru a Philadelphia daga Mayu zuwa 17 ga Satumba 1787, George Washington ke shugabantar zaman, an rufe ƙofa an hana kowa fitar da magana waje. Mutum 55 suka halarta, 39 suka sa hannu, Rhode Island ko wakili ba ta tura ba. Kuma gyaran tsohuwar yarjejeniya aka aike su fa, suka ajiye ta gefe suka rubuta sabuwa, wato kundin tsarin mulkin da suke aiki da shi har yau.

Rigimar da ta kusa watsa taron ita ce ta kujeru. Manyan jihohi irin Virginia suka ce a raba bisa yawan jama'a, ƙanana irin New Jersey da Delaware suka ce ina, ai haɗiye mu za ku yi, kowa ƙuri'a ɗaya kamar da. Mutanen Connecticut suka raba gardama, a yi majalisa biyu, ta wakilai bisa yawan jama'a, ta dattawa kowace jiha sanata biyu komai ƙanƙantarta. Shi ya sa yau California mai mutum kusan miliyan 39 da Wyoming da ba ta kai dubu 600 ba duk sanata bibbiyu gare su. To a nan amsar tambayar oga take, don wakilan zaɓen kowace jiha adadin 'yan majalisar wakilanta ne a haɗa da sanatocinta biyu, 435 da 100 da kuma 3 na birnin Washington, 538 ke nan, wanda ya samu 270 ya ci. Kuma ban da Maine da Nebraska duk wanda ya zo na ɗaya a jiha shi ke kwashe wakilanta kaf, ko da ƙuri'a goma ya fi. Hillary ta tara tulin ƙuri'u a California da ba su ƙara mata komai ba, Trump ya ɗauke Michigan da Pennsylvania da Wisconsin da ratar da gaba ɗaya ba ta kai dubu 80 ba.

Amma abin da ya fi tsaya mani a rai wanda ba malamin da ya taɓa gaya mana a aji shi ne maganar bayi. Jihohin kudu suka ce a ƙirga bayinsu cikin jama'a don kujerunsu su ƙaru, alhali bayin nan ba ƙuri'a gare su ba, a wurinsu ma dukiya ne kamar shanu. Na arewa suka ƙi. Aka daidaita a kan kowane bayi biyar a lissafa su mutum uku. Sannan aka rubuta cewa majalisa ba za ta hana shigo da bayi ba kafin 1808. Na daɗe ina kallon wurin nan, don mutanen da ake lissafin nan da yawansu daga Afirka ta Yamma aka kwashe su ko iyayensu. Lissafin ya shiga har cikin yawan wakilan zaɓe, kuma bai fita ba sai bayan yaƙin basasarsu da aka gama a 1865.

Wani abin kuma, abubuwa da dama da muke ɗauka tun asali suke daga baya aka liƙa su. 'Yancin magana da na addini sai a 1791 aka ƙara, don wasu jihohin da kyar suka amince sai da aka yi musu alkawarin haka. Ikon kotun ƙoli na soke dokar majalisa ba a rubuta shi ɓaro-ɓaro ba, Alƙali John Marshall ne ya kafa shi a hukuncin 1803. Sanatoci 'yan majalisar jiha ke zaɓensu har 1913. Wa'adi biyu na shugaban ƙasa ma al'ada ce kawai da shugabansu na farko George Washington ya bari, sai da Roosevelt ya ci zaɓe sau huɗu aka mai da ita doka a 1951.

Mu nan Najeriya a 1979 muka aro tsarin shugaba mai cikakken iko daga wurinsu, har da sanatoci daidai wa daida ga kowace jiha, yanzu uku-uku da ɗaya na Abuja. Sai dai su jihohi ne suka haifi tarayya suka yanka mata iko kaɗan suna hararar ta, mu kuwa sojoji ne daga sama suka yayyanka jihohi, 12 a 1967 har 36 a 1996. Tun da na gane wannan na daina mamakin ganin kowace jiha can da 'yan sandanta da dokar zaɓenta, har hukuncin kisa wata na yi wata ta soke.

Na kai wa oga rubutu na minti 11. Ya ɗau jan biro ya mai da shi biyar, ya bar lissafin 538 da rigimar manya da ƙananan jihohi, maganar bayi ya soke ta gaba ɗaya wai za ta ɗauke hankalin mai sauraro daga tambayar. Na ce yallaɓai ai ita ce rabin amsar, ya ce lokaci. Haka aka watsa shi. Takardar da jan biron nan tana nan cikin jakata.