Shagon gyaran kayan badujala

Mahaifina tsohon soja ne, mai busa a ƙungiyar badujala. Da ya yi ritaya ya buɗe ɗan shagon nan a Kaduna, ni kuma na gaje shi. Muna gyaran begila da manyan kakakin tagulla, muna ɗaure ganguna. Yara biyu ne a ƙarƙashina.

Baba, Allah ya jiƙansa, yakan ce kiɗansu iri biyu ne a kunnen jama'a. In a fili ne, ranar fareti ko da yamma ana shan iska, yara har bin su suke yi da gudu. In kuwa a rediyo aka ji shi da asuba, ba labarai ba gaisuwa, to kowa ya tsare gidansa. Tun daga 1966 mutane suka gane cewa juyin mulki ke nan.

Yawancin kakakin da ake kawo mini lafiyarsu ƙalau, datti ne kawai. Mai busa ya ci goro ya hura, garin ya taru a lanƙwasar bututu, madannan su cije. Ruwan ɗumi da sabulu da ɗan mai, shi ke nan. Wanda ke yoyon iska shi ke cin rai: in toshe bakinsa, in tsoma shi a baho, yaro ya hura, inda kumfa ta taso nan zan liƙe da dalma. Wuta ta yi yawa kaɗan, haɗin da ke kusa ya saki, aiki ya dawo sabo.

Kasuwarmu kalanda take bi: gabanin 1 ga Oktoba, da 15 ga Janairu ranar tunawa da 'yan mazan jiya, sai wasannin makarantu. Amma ban taɓa ganin ciniki irin na 2024 ba. A watan Mayu gwamnati ta dawo da tsohon taken ƙasa, ta ajiye na 1978 wanda Ben Odiase, shugaban badujalar 'yan sanda, ya tsara kiɗansa. Kowace makaranta ta zaƙulo kayanta daga sito domin atisaye. Wani malami ya shigo da buhu guda na begila, duk sun yi kore.

"Ranka ya daɗe, zuwa jibi nake so."

Na ce, "Malam, wannan har gidan zanzaro ne a ciki."

Kwana tara muka yi a kansu. Cikon kuɗin har yau ina bin makarantar.