Asabar a gidan wanki

Asabar, unguwar Bronx, birnin New York.

Ƙarfe 6:30 muka fita bayan sallar asuba da shayi, ni da yara uku da buhun kaya huɗu a keken turawa. Wanda ya bari ƙarfe 9 ta yi masa a gida ranar Asabar zai tarar an kame manyan injuna, sai ya zauna gadin layi. Yawancin tsofaffin benaye na unguwar nan ba a yarda ka kafa injin wanki a ɗakinka ba, saboda bututun ruwansu ba zai ɗauka ba, kuma babu tsakar gida balle igiyar shanya. Shi ya sa kowa sai ya bi ta gidan wanki, wanda a nan ake ce wa londiri. Sana'ar ta daɗe a ƙasar nan, tun 1934 aka buɗe irin wannan shago a garin Fort Worth na jihar Texas, mutum ya biya kuɗi ya wanke kayansa da kansa.

Rabin aikin tun daren jiya aka yi shi, wato rabon kaya. Farare daban, masu duhu daban, tawul da zanen gado daban, sai atamfofi su kaɗai. Yara ne ke laluben aljihu, kuma ba na sassauta musu a kan wannan. Takardar goge hanci guda ɗaya in ta shiga cikin baƙaƙen kaya, sai ta narke ta bi kowace riga da fari-fari. Biro ya fi ta ɓarna. Cingam da fensirin kala na kakin zuma kuwa ba sa nuna halinsu sai a injin busarwa, inda zafi zai narkar da su su manne a jikin kaya, har da na wanda zai shigo bayanka. Zariyar wando a ƙulle bakinta biyu, in ba haka ba ta zare ko ta nannaɗe sauran kaya. Zip a ja shi sama don kada haƙoransa su ci yadi. Dogayen hijabai da safar yara a zuba su a jakar raga, domin hijabi kan murɗe ya zama igiya, safa kuma tana maƙalewa a cikin robar bakin ƙofa.

Akwai kayan da ba sa zuwa nan ko kusa. Shadda da gezna, leshi mai duwatsu, hula, da duk rigar da aka yi wa aikin hannu. Ƙyallin shadda a saman yadin yake, juyin inji da ruwan ɗumi suna cinye shi, zafin busarwa kuma ya ƙarasa shi, a nan kuwa babu masu bugu irin na Kano da za su dawo maka da shi. Ita sai ruwan sanyi a baho, a ɗan cuɗa a hankali, kar a murɗe, a rataye a banɗaki ta tsane. Hula kuwa da buroshi mai laushi ake wanke ta, a kifa ta a kan kwano daidai girmanta ta bushe, in ba haka ba ta karye.

Sai batun tsarki, wanda injin bai san da shi ba. A fiƙihun Malikiyya, ruwan da ke kawar da hukuncin najasa shi ne ruwa tsantsa wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai canja ba. Ruwan sabulu ya canja, kuma in an zuba maganin laushin kaya, ruwan ɗauraya na ƙarshe ma ya canja. Don haka kayan auta da fitsari ya taɓa, tun a gida ake zuba musu ruwan famfo sosai a matse, sannan su shiga buhu. Kayan salla ba na sa musu maganin laushi sam. Kafin a loda kuma a leƙa cikin gangar injin a shafa ta da tsumma mai danshi, saboda mutane na wanke shimfiɗar karnuka, gashin yana zama a ciki.

Injunan girma-girma ne, an rubuta nauyin da kowanne ke ɗauka a goshinsa: fam 20, wato kusan kilo 9, da fam 40, kilo 18, da babban mai fam 60, kilo 27. Shagonmu har yanzu da kwata yake aiki, tsabar santi 25, ko da yake wasu sun koma kati. Na zo da ƙullin kwata uku daga banki, kowane ƙulli guda 40 ne, dala 10. Zura kuɗin aikin auta ne, yana ƙirgawa da ƙarfi. Mun kama mai fam 60 don zanen gado da tawul, mai fam 40 guda biyu, da ƙarami ɗaya na atamfa.

Kuskuren da na fi gani a shagon nan shi ne cusa kaya har ƙofa ta rufu da kyar, don a rage kuɗi. Wankin inji daga faɗuwar kaya yake, ganga ta ɗaga su ta sako su cikin ruwa. In babu wurin faɗuwa, dunƙule ɗaya za su yi ta juyawa, na tsakiya ma ba lallai ruwa ya ratsa su ba. A cika kashi uku cikin huɗu, a bar wurin da tafin hannu zai shiga a tsaye a sama. Akasin haka ma matsala ce: bargo ɗaya mai nauyi shi kaɗai kan kwanta gefe guda, injin ya yi ta jijjiga ya ƙi matsewa, kaya su fito suna ɗiga. A haɗa shi da tawul biyu ko uku ya daidaita.

Sabulu kuma, mu da muka tashi muna auna wanki da yawan kumfa a baho, sai mun danne zuciya. Waɗannan injuna masu ƙofa a gaba ruwa kaɗan suke sha. Cokalin cin abinci 2 na sabulun ruwa ya ishi mai fam 20, huɗu zuwa biyar ya ishi babban. Yau wata baiwar Allah a kusa da mu ta juye murfi uku cike, gilashin ƙofa ya yi fari fat ba a ganin kaya, kumfa ta fara fitowa ta aljihun sabulu. Ƙofar kuwa in ta kulle ba ta buɗuwa sai an gama. Dole ta sake biyan kuɗin zagaye guda ba sabulu. Da ta bar su haka, tawul zai bushe ya yi tauri, ragowar sabulun kuma ta sa wa yara ƙaiƙayi.

Zafin ruwa ma da ƙa'idarsa. Farare na auduga da tawul da zanen gado, ruwan zafi. Masu duhu da atamfa, ruwan sanyi, a juya su ciki waje don kada su koɗe. Sabuwar atamfa ba ta shiga inji sai an gwada ta a gida: a jiƙa gefenta a danna farin ƙyalle, in ya ɗauki launi to mai zuba ce, ita kaɗai za a wanke ta har sau biyu ko uku. Tabon jini da ƙwai da madara ruwan zafi dafa su yake yi su zauna, sai na sanyi. Tabon manja ko man gyaɗa a ɗiga masa sabulun wanke-wanke a murza, a bar shi minti 15 kafin ya shiga. Bilic ga fararen auduga kawai, a aljihunsa na musamman, ba a kan kaya kai tsaye ba. Farin yadi mai roba-roba rawaya yake mayar da shi. Kuma kada a taɓa haɗa shi da ruwan tsami na binega ko sinadarin amoniya, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Wankin ya ɗauki kamar rabin sa'a. Babbar ta yi aikin makaranta a kan benci, na tsakiya ya tsaya gaban gilashi yana neman jar rigarsa duk lokacin da ta gifta. Ido dai a kan auta, domin kekunan kwasar kaya suna kifewa da yaro, kuma ƙulle-ƙullen sabulu masu launi da wasu ke ajiyewa a kan tebur kamar alewa suke. Wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi da muke haɗuwa duk mako ta shigo, yara suka durƙusa.

"Ina kwana, Hajiya."

"Lafiya lau, jikokina. 'Yata, sannu da aiki. Kin kama mana na saman ko?"

Injin busarwa take nufi. Hawa biyu ne, kuma na sama a shagon nan sun fi zafi, duk tsofaffin zuwa sun sani.

A wajen busarwa kuɗi ke zurarewa. A nan kwata ɗaya minti 6 take ba da wa. Kowace riga a kaɗe ta kafin a jefa, dunƙulalliya ba ta bushewa. Rabin ganga kawai ake cikawa, iska ce ke aikin. In rariyar da ke tare ƙurar zare tana inda hannu zai kai, a kwashe ta, in kuwa a kulle take a gaya wa mai shago, saboda toshewarta na ninka lokaci kuma tana jawo gobara. Kar a haɗa tawul da kaya marasa nauyi: ƙananan riguna minti 24 sun ishe su a matsakaicin zafi, tawul da jins sai 42 a babban zafi. Singileti da rigunan auduga suna tsukewa a babban zafi, robar wando kuma ta mutu. Kafin komai ya shiga a duba tabon mai, in bai fita ba kada a busar, zafi zai zaunar da shi har abada. Tsummokaran kicin da suka sha mai ba na sa su ko kaɗan, domin in aka tara su da zafinsu suna iya kamawa da wuta. Atamfa da kaftanin babansu minti 12 kawai, a cire da ɗan danshi, guga ta fi kama su haka.

Kuɗin cizo ya yi yawa a birnin nan, kuma gidan wanki hanyarsa ce. Minti 30 a babban zafi na kashe shi da ƙwansa, amma amfanin ya tafi in aka mayar da wankakkun kaya cikin buhun da suka zo. Don haka buhunan ma suna shiga wanki, teburin ninki kuma a goge shi, kaya ba sa taɓa ƙasa.

Ninki da zafi-zafinsa ake yi, minti 10 in suka yi a tare a kwando sun yamutse. Babbar da na tsakiya suka kama zanen gado baki-baki, su ja, su haɗu, su sake ja. Auta na haɗa safa. Ɗaya ta ɓata, babbar ta koma ta zura hannu cikin robar ƙofar injin na uku ta zaro ta a jiƙe. Muka sa ta a aljihun jaka, ƙarfe 9:15 muka turo keke waje, layi ya riga ya kai bakin ƙofa. Kwata 11 ta rage, na zuba su a gwangwanin mako mai zuwa. Shadda biyu na jira a baho.