Daƙiƙa 15 da tsohon ya rantse a kai

Asabar.

Aikin yau biyu ne, ɗaya ya jawo ɗaya. Da safe aka turo mini labarin fim in duba, mai fitowar kotu har uku. Kafin azahar na ajiye shi na ɗauko 12 Angry Men na 1957, ina kallo ina tsayarwa ina rubutu, don in gano takamaiman abin da ke riƙe mai kallo a can wanda babu shi a nan.

Fim ne baƙi da fari, minti 96. Reginald Rose ya rubuta, Sidney Lumet ya ba da umarni, Henry Fonda ya ja ragama. In ka cire 'yan mintocin farko da na ƙarshe, duk a ɗaki ɗaya aka yi shi. Yaro ne ɗan shekara 18 a New York ake tuhuma da daɓa wa mahaifinsa wuƙa. A Amurka, irin wannan shari'a ba alƙali ke cewa an aikata ko ba a aikata ba. Juri ke faɗa, wato mutum 12 'yan gari da aka zaɓo, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya. In sun ce ya aikata, sai hukuncin kisa a kujerar lantarki. Ƙuri'ar farko ta fito 11 da 1: 11 sun ce ya aikata, ɗaya ya ƙi yarda.

Wannan lissafi shi ne igiyar farko da aka ɗaure mai kallo da ita. Kullum ka san saura mutum nawa. Ya koma 10 da 2, daga baya 6 da 6, can ya kife zuwa 3 da 9. Duk sanda aka ce a sake ƙuri'a, sai ka kama duba fuskoki kana neman wanda zai zame. Babu bindiga, babu gudu da mota, amma zama ya gagare ka.

Inda aikin gaske yake shi ne yadda ake rusa shaida. Ba a kawo sabon mutum daga waje. Abin da aka riga aka faɗa a kotu ake ɗaukowa a gwada shi da agogo da taku. Tsohon da ke zaune a ƙasan benen ya ce ya ji yaron ya yi ihun zai kashe uban, bayan daƙiƙa ɗaya ya ji faɗuwar mutum, ya tashi daga gado ya isa ƙofar waje cikin daƙiƙa 15, ya ga yaron na saukowa a guje. To tsohon nan ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, jan ƙafa yake. Aka kawo taswirar gidan: ƙafa 12 daga gado zuwa ƙofar ɗaki, ƙafa 43 tsawon baranda. Juri na 8, wato Fonda, wanda shi kaɗai ya ƙi yarda a ƙuri'ar farko, ya jera kujeru, ya auna da taku, ya ja ƙafa kamar tsohon, wani na riƙe da agogo. Daƙiƙa 41. Lumet bai gaggauta tafiyar ba, ya bar ka kana ƙirgawa tare da su, don haka kafin a faɗi adadin kai ma ka riga ka ji a jikinka 15 ba za ta yiwu ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne yadda aka haɗa shaidu biyu na mai gabatar da ƙara suka ci juna. Matar da ke tsallaken layin dogo ta ce ta hango kisan ta tagogin taragai biyu na ƙarshe na jirgin da ke wucewa. Jirgi mai tarago 6 yana cin kamar daƙiƙa 10 kafin ya wuce taga, da ƙara mai toshe kunne. In a ƙarshen wucewarsa aka yi kisan, ke nan ihun da tsohon ya ce ya ji ya faɗo ana tsakiyar ƙarar. Ta yaya ya tantance murya? Kowace shaida ita kaɗai tana tsaye daram, sai da aka jingina su suka zube. Mu kuma mun saba cewa gani ya kori ji, shi ya sa marubucin ya bar matar har ƙarshe, sannan ya taɓa ganin nata da ɗan abu ƙanƙani: shatin tabarau a gefen hancinta. Mai tabarau ba ya kwana da shi, ita kuwa daga kan gado ta ce ta hango.

Duk da haka ba a ce kowa ya yi ƙarya da gangan ba, kuma har aka tashi ba a gaya maka ko yaron ne ya yi kisan ba. Kokwanto kawai aka tabbatar. Da an nuna mana daren kisan, da fargabar ta mutu nan take.

Da la'asar na koma na kalli wasu wurare babu sauti, saboda aikin kyamara. Lumet da mai ɗaukar hotonsa Boris Kaufman sun fara da gilashin kyamara mai buɗe fili, milimita 28 zuwa 40, suna ta matsawa zuwa 50, 75, har 100. Dogon gilashi yana jawo bango ya manne wa bayan mutum, ɗaki ya tsuke alhali ba a taɓa bangon ba. Kashi na farko cikin uku kyamara na sama da ido, na biyu daidai ido, na uku ƙasa da ido, har rufin ɗaki ya shigo hoto yana danne kawuna. Ga zafi, ga fanka ta ƙi tashi, ga gumi a riguna. Wannan dabara ba ta cin kuɗi, tsari kawai take so tun kafin a fara ɗauka.

Fim ɗin na da nasa aibi. Juri na 8 ya je unguwar yaron ya sayo wuƙa irin wadda aka yi kisan da ita, ya caka ta a tebur. A ido abin ya yi kyau, amma a shari'ar gaske ɗan juri ba ya binciken kansa, kuma hakan kaɗai na iya sa a rushe shari'ar a sake sabuwa.

Bayan magariba na koma kan labarin da aka turo. Matsalarsa ta farko aro ne: lauyoyi na zagaye kotu suna wa'azi ga 'yan kallo, kamar akwai juri. A kotunan Najeriya babu juri, alƙali ne ke auna hujja ya yanke hukunci, don haka fuska ɗaya ce ya kamata kowa ya ji tsoronta. Ta biyu, a fitowar ƙarshe ƙofa ta buɗe wata mata ta faɗo tana ihun ita ce ta sani, aka saurare ta nan take, mugu ya durƙusa ya amsa laifi. A babbar kotu, mai gabatar da ƙara kan miƙa wa ɓangaren wanda ake tuhuma sunayen shaidu da taƙaitaccen abin da za su faɗa tun kafin a fara. Kuma amsa laifi da kuka ya sauke wa lauya nauyin da mai kallo ya zauna ya ga ya ɗauka.

Abin haushin, kotunmu cike take da kayan fargaba da ba a taɓa ba. Dokar shaida ta 2011 ta tsara matakai uku: wanda ya kira shaida ya fara yi masa tambayoyi, ba tare da sa masa magana a baki ba, abokin hamayya ya yi masa tambayoyin ƙure, shi an yarda ya ce "ba haka aka yi ba?", sannan na farko ya dawo ya ɗinke ɓarakar. Na tsakiyar nan shi ne fim. Tambayoyi gajeru, kowace amsarta e ko a'a, ana toshe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, sai an toshe duka a jefo ta ƙarshe. Lauyan da ya tambayi "me ya sa?" ya buɗe wa shaida hanyar kuɓuta. Sannan alƙalai da yawa da hannu suke rubuta bayani, don haka bayan kowace amsa sai kotu ta yi tsit ana jiran biro. Ga tafinta: an yi tambaya da Turanci, kafin a juya ta Hausa akwai 'yan daƙiƙu, kuma in shaidan na jin Turanci yana ɓoyewa, fuskarsa za ta amsa kafin bakinsa. A nan ya kamata kyamara ta tsaya, ba a kan lauya ba.

Tunda rikicin labarin na gado ne, na rubuta wa marubucin cewa ya mai da shi kotun shari'ar Musulunci gaba ɗaya. Can hujja na kan mai da'awa, rantsuwa na kan wanda ya musa, ana iya sukar adalcin shaida, kuma kafin hukunci alƙali kan yi i'izari, ya tambayi kowane ɓangare ko akwai sauran magana. Na ce ya cire matar da ke faɗowa ta ƙofa, ya zaunar da ita cikin masu shari'ar tun fitowa ta ɗaya, mu san abin da ta sani, mu san kuma wanda take tsoro a gidan. Na ce ya turo gyaran ranar Talata.