Daren da gurup biyu suka ƙi jituwa

Har yau in na tuna daren nan sai raina ya ɓaci. Watan Afrilu ne, zafin Yamai ya kai inda ya kai, kuran ya ɗauke, aka kira ni wata masana'antar ƙanƙara in haɗa musu gurup biyu, watau injinan ba da wuta, su ja kayan wutar wurin tare. Fitilun gwaji uku suka mutu lokaci guda, alamar wutar injinan ta zo daidai, na rufe makunni, injinan suka kama juna lami lafiya: 50 Hz, juyi 1500 a minti. Har na fara tattara kayan aikina.

Ko minti biyar ba a yi ba, allurar kilowat ta fara lilo. Wannan ya ɗauki kaya ya saki, wancan ya cafe, gurnaninsu yana hawa yana sauka. Can babban ya kwashe kayan duka, har ya koma shi ke juya ƙaramin. Kariya ta yanke ƙaramin, babban ya kasa shi kaɗai, sai duhu. Kafin asuba rabin ƙanƙarar ta zama ruwa a ƙasa, mai wurin yana tsaye a kaina bai ce uffan ba.

Laifina ne. Na bar na'urar daidaita gazuwal ta kowane inji a kan ta riƙe 50 cif, alhali ma'auninsu bai zo ɗaya ba, kowace tana gyara abin da 'yar'uwarta ta gyara. Da na bugo wa maigidana, cewa ya yi: "Yaro, ba a sarki biyu zamani ɗaya. Ba su sassauci." Na sa musu sassaucin gudu kashi 4 cikin ɗari, watau 52 Hz in ba kaya, 50 in kaya ya cika. Allura ta tsaya cak.

Ƙanena da ke karatun fiziks ya ce ai tun 1665 Huygens, masanin kimiyya ɗan Holand, ya ga agogo biyu a jikin katako ɗaya suna daidaita kaɗawarsu, a 1975 kuma Kuramoto, masanin fiziks ɗan Japan, ya fitar da lissafin yadda masu kaɗawa da yawa ke haɗa kai. Na saurare shi, amma hankalina yana kan ƙanƙarar nan. Maɓalli ɗaya ne fa ban duba ba!

Yanzu ko fitilu sun mutu ba na gusawa. Sai an kunna babban kwampireso an kashe sau uku, idona a kan allura, kafin in ɗauki jakata.