Azumin awa 25, ba ko ruwa

Jiya muna shan koko da ƙosai a Nima wani abokina direba yake ba ni labarin Yahudawan Sefwi Wiawso, wani gari a yammacin Ghana, wai ya kai kaya can ya tarar suna azumin Yom Kippur, wallahi ni sai da na ajiye kofi. Tun kafin faɗuwar rana har daren gobe, kusan awa 25, ba ci ba sha ba wanka, takalmin fata ma ba a sawa, sai addu'a da tuba da neman yafiyar mutane, a ƙarshe a busa ƙahon rago. Ranar 10 ga watansu Tishri ce, shi ya sa Ashura ta faɗo min a rai. Mu da ƙarfe 3 na Ramadan muke fara lissafin waakye!