Wasan kwaikwayo a ƙofar gidan dagaci

Na yi shekaru ina aikin wasan kwaikwayo da manoma a ƙauyukan arewacin ƙasar Zazzau, irin wasan da ba shi da rubutaccen labari, ba shi da labule, kuma 'yan wasansa su ne mutanen da matsalar ta shafa. Mun gaji hanyar ne daga sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, inda tun a shekarun 1970 Michael Etherton da abokan aikinsa suka fara fitar da ɗalibai daga Samaru zuwa ƙauyuka, kafin irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah su ɗora a kai. A 1977 sun yi Wasan Manoma a Soba, a daidai lokacin da gwamnatin soja ta Obasanjo ke ta shelar shirin ciyar da ƙasa da ta ƙaddamar a 1976, manoma kuwa suna tambayar inda takin da ake faɗa a rediyo ya maƙale. Abin da ya fi ba ni mamaki da na shiga aikin, shekaru masu yawa bayan wancan, shi ne na tarar tambayar tana nan yadda suka bar ta.

A aji an koya mana tsarin Augusto Boal, mutumin Brazil da gwamnatin sojan ƙasarsa ta kama a 1971, ta azabtar da shi, har ya yi gudun hijira. Ra'ayinsa shi ne a nuna wa jama'a zaluncin da suka sani, a tsayar da wasan a inda wanda aka zalunta ya rasa mafita, sannan a ce duk mai dabara cikin 'yan kallo ya taso ya karɓi matsayinsa ya gwada. Tsari ne mai kyau, amma Bahaushe bai jira Brazil ba kafin ya san yadda ake faɗa wa mai mulki gaskiya cikin raha. Tashen da yara ke farawa a goma ga watan azumi cike yake da habaici, 'yan kama suna kwaikwayon malamai su sa jama'a dariya, a bikin kalankuwa kuwa samari kan naɗa nasu gwamna da alƙali da ɗan sanda bayan an kawar da amfanin gona. Duk inda muka je na lura ba mu ne muke koya wa mutane wasa ba, abin da muke kawowa kawai shi ne dalilin taruwa.

Aikin da ya fi tsaya mini a rai mun yi shi ne a wani ƙauye da ake noman masara da dawa da barkono. Wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyinmu, kuma abin da ta nema shi ne wasan faɗakarwa a kan tattali, wato a ja hankalin manomi ya daina sayar da hatsinsa da araha a kaka yana kashe kuɗin a biki. Muka sauka a zauren sarkin noma, muka bi mutane gona, muka zauna a majalisarsu da daddare muna saurare. Babu wanda ya musa cewa ana sayar da hatsi a kaka, amma dalilin da suka bayar ya bambanta da wanda aka rubuto mana. Takin gwamnati mai rangwame ba ya isowa sai masara ta wuce lokacin da take bukatarsa, idan ma ya iso to sunayen da ke takardar rabo ba na masu riƙe fartanya ba ne, sai manomi ya je wurin dillali ya karɓi buhu bashi a kan zai biya da hatsi in an yi girbi, a farashin da dillalin ya yanka tun damina. Wani dattijo ya ce da ni: "Malam, hatsin da kake gani a rumbuna ba nawa ba ne tun yana tsaye a gona."

A nan na fahimci bambancin da har yau nake auna kowane wasa da shi. Akwai wasan da ke ɗaukar talaka a matsayin shi ne matsalar kansa, ya nuna shi jahili ko almubazzari, a ƙarshe a shigo da malamin gona ko ma'aikaciyar asibiti ta gyara masa tunani, kowa ya tafa a watse. Irin wannan shi ne masu ba da tallafi suka fi so, domin ba ya ɓata wa kowa rai sai wanda ba shi da bakin ramawa. Akwai kuma wanda ke tambayar wa ke riƙe da takardar rabo, wa ya sa hannu, motar wa ta kwashe buhunan da daddare. Na biyun shi ne siyasa, ko da ba a ambaci sunan jam'iyya ko ɗaya ba. Muka sanar da ƙungiyar cewa mutanen sun zaɓi a yi maganar taki, ba su ji daɗi ba, amma ba su hana ba.

Manoman ne suka gina labarin da kansu, mu namu tambaya ce kawai. Suka ƙirƙiro wani magidanci da ya sayar da akuyar matarsa don ya kai kuɗin taki, aka yi ta ce masa ya dawo jibi, har ranar da ya ga irin buhun a kasuwa an ninka masa kuɗi. Wani saurayi mai barkwanci ya ɗauki matsayin mai rabo, ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, ya rataya biro uku a aljihu. Kafin ranar wasan muka je gaisuwa wurin dagaci, sarkin noma ya yi bayani, ya ce: "Ranka ya daɗe, yara ne za su yi wasa a kan noma." Dagacin ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya ji komai, ya ce a yi a ƙofar gidansa bayan la'asar. Mutum ne mai wayo, ya gwammace a yi abin a gaban idonsa.

Da aka kai inda magidancin ya tsaya a kasuwa yana kallon buhun, sai na ɗaga hannu na tsayar da wasan, na tambayi jama'a abin da ya kamata ya yi. Wani ya shiga ya gwada roƙo, mai tumbin ya kore shi, aka yi dariya. Wani ya gwada zagi, sai aka kira ɗan sandan wasa ya tafi da shi, dariyar ta ragu, domin kowa ya san haka za ta kasance. Sai wani manomi da bai ce uffan ba duk kwanakin shirin ya taso, bai nufi mai rabon ba, ya juya wajen 'yan kallo ya fara kiran mutane da sunayensu na gaskiya, yana cewa su taso su raka shi a nemi a karanta takardar a bainar jama'a. Mutum fiye da ashirin suka shiga fili. Daga nan babu wanda zai iya cewa ga inda wasa ya ƙare ga inda taro ya fara, har aka kira magariba ana gardamar wa zai rubuta sunayen masu gona unguwa-unguwa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi koya mini aikin. Mu baƙi muka koma gida, saurayin da ya yi tumbi kuwa aka karɓe gonar aro da yake nomawa, domin mai gonar suruki ne ga wanda kowa ya gane da shi ake. Ba a kama shi ba, ba a doke shi ba, an dai ce ana bukatar gonar. Mai zuwa daga birni da takardar jami'a yana da inda zai koma, wanda ya tsaya a fili ya kwaikwayi babban mutum kuwa gobe da shi za su haɗu a masallaci da kasuwa. Tun daga lokacin ba na yarda a fara wasa sai an zauna da 'yan wasa an lissafa abin da kowa zai iya rasawa, kuma idan matsayi mai haɗari ne, ɗaya daga cikinmu baƙi ne ke ɗauka.

Wannan ne ya sa na koma nazarin zamanin NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu Kano, da wani ido. Malam Aminu Kano ya rubuta wasannin kwaikwayo masu sukar zaluncin masu mulki tun yana matashi, ya kuma zauna da Malam Sa'adu Zungur a Bauchi a shekarun 1940 suna tattauna makomar Arewa. Bayan kafa jam'iyyar a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, waƙa ta zama jaridar wanda bai iya karatun boko ba, mawaƙa irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin suka riƙa kai saƙo inda takarda ba ta zuwa. 'Yan jam'iyyar su ma sun sha wuya, an ɗaure su a kotunan alƙalai, an yi musu bulala, Hajiya Gambo Sawaba kaɗai an ɗaure ta sau 16. Sai dai mawaƙin NEPU ba shi kaɗai yake ba, akwai reshen jam'iyya a garinsa, akwai masu bin shari'arsa, akwai masu leƙa iyalinsa. Kuma bukatar da waƙar ke ɗauke da ita tana da inda za a kai ta, shi ya sa da jam'iyyar PRP, wadda ta gaji NEPU, ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Waƙar ta yi aiki ne domin akwai ƙungiya a bayanta. Ko a Kenya, abin da ya tsorata gwamnati da dandalin wasan kwaikwayo na ƙauyen Kamiriithu, har ta tsare marubuci Ngugi wa Thiong'o a ƙarshen 1977 ta kuma rushe wurin a 1982, shi ne manoma da ma'aikata ne suka gina shi da hannunsu, suna wasa da harshensu na Kikuyu, suna haɗuwa kullum.

Mu a namu wasan mun buɗe bakin mutane, amma ba mu da abin da za mu riƙe su da shi in an mai da martani, kuma a ganina wannan ne raunin yawancin aikin da ake yi yau da kuɗin tallafi: ana zuwa, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto, kwangila ta ƙare.

Da muka koma ƙauyen a kakar da ta biyo, sai muka fara da mata, waɗanda wasan farko ya wuce su saboda yawancinsu suna kulle. Abokan aikinmu mata suka shiga gida suka yi wasa a tsakar gidan sarkin noma, aka gano ashe kuɗin takin gidaje da yawa daga adashin mata da kiwonsu yake fitowa, kuma su suka fi kowa sanin wanda ake bi bashi da nawa ake bin sa. Daga adashin nan aka samo tsarin da maza suka ara, suka kafa ƙungiyar manoma, aka yi mata rajista, suna tara kuɗi tun kaka su sayi taki a dunƙule da rani kafin ya yi tsada. Ƙungiyar ce ta nema wa saurayin nan wata gonar, ita ce kuma take tura mutum uku su tsaya a wurin rabo da kwafin sunayen masu gona a hannunsu. Rabon bai gyaru gaba ɗaya ba, wata shekarar ma takin bai zo ba sam, kuma har yanzu akwai masu komawa wurin dillali idan rashin lafiya ko aure ya cinye abin da suka tara. Wasan kuwa sun ci gaba da yin sa ba tare da mu ba, sun mai da shi cikin shagalin bayan girbi, kuma a bara an gaya mini sun sauya labarin daga taki zuwa filayen da ake yankawa a bakin titi ana sayar wa mutanen birni.