Mako na bakwai: urushi da hunturu ba sa ga maciji

'Yan'uwa masu koyon gyaran fasassun kwanuka irin na Japan, ga inda aka kwana. Kofin tangaran ɗin nan da na manne da mugi-urushi, wato garin alkama kwaɓe da ruwa da ɗanyen urushi (ruwan da ake tatsa daga jikin wani itace), ya yi kwana tara a kan tebur. Na dangwala tsinke a wurin haɗin, sai ga shi ya biyo tsinken kamar ƙaro.

Laifina ne. Na ɗauke shi kamar fenti, a ajiye iska ta busar. Ashe ruwan itacen nan danshi yake nema kafin ya daskare, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, da ɗumi kamar digiri 25. Ni kuwa na shanya shi a tsakiyar hunturun Zariya, lokacin da leɓe ma tsagewa yake. Masu sana'ar a Japan suna da akwati na musamman da suke kira muro. Nawa kwalin taliya ne: na shimfiɗa leda, na sa jiƙaƙƙen tsumma a gefe, ina sake jiƙa shi safe da yamma. Kwana uku ya fara kama jikinsa. Sai ya cika mako biyu zan taɓa shi.

Ku sa safar hannu, don Allah. Ɗigo ɗaya ya same ni a wuyan hannu, na yi mako guda ina susa. In ya taɓa ku, ku goge da man girki tukuna, sannan sabulu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne urushin da na ɓarar. A Joboji, cikin lardin Iwate, inda ake samun mafi yawan urushin da Japan ke tatsa a gida, itace yakan yi shekara 15 kafin a tsaga shi. Daga Yuni zuwa Oktoba mai tatsa yana bin sa da wuƙa, abin da zai tara bai wuce giram 200 ba, daga nan a sare itacen. Sama da kashi 90 na wanda ƙasar ke aiki da shi ma shigo da shi ake yi, akasari daga Sin. Ga Wajima kuma, garin da ya yi suna a wannan sana'a, girgizar ƙasar 1 ga Janairu 2024 ta rushe wa masu aikin ɗakunan sana'arsu da dama. Tun da na san haka, da kan tsinken ashana nake ɗiba.

Mataki na gaba shi ne cike ɓallin da ke bakin kofin da sabi, haɗin garin tonoko (wani yumɓu mai laushi) da urushi. Garin zinariya da aka saba barbaɗawa a kan gyaran ya fi ƙarfin aljihuna, garin tagulla zan barbaɗa. Wanda ya gwada shi a cikinku ya faɗa mini ko yana yin baƙi da daɗewa.